Ganyen da Babu Shi a Taswira

Na san abin da ake faɗa a kaina a unguwa, kuma na san abin da kuke faɗa a tsakaninku in ba na nan. Mutanen unguwa cewa suke Malam ya yi ritaya daga koyarwa ya koma wasan yara. Wannan bai taɓa damuna ba, don gaskiya ne, yanzu ma da nake rubutun nan na'urar buga gem ɗin tana gabana a ƙarƙashin talabijin. Abin da ku kuke faɗa shi ne mai nauyi. Abba, kai ne babba, kai ka faɗe shi a fili ranar sadakar uku, a soron gidan nan, a gaban ƙannena. Ka ce ni na kashe wa mahaifiyarku gwiwa da na gaya mata abin da likita ya ce, ni na sa ta daina kokawa da ciwon. Ban tanka maka ba a ranar, don hawayenka ko bushewa bai yi ba. Yau zan ba ka amsa, kai da ƙanwarka Safiya, kuma dole amsar ta bi ta cikin wasan nan da kuke jin kunyar a ce ubanku yana yi.

Kai ka kawo na'urar, kada ka manta. Ka zo da ita hutun babbar sallah don 'ya'yanka su daina hana mutane sakat, da za ku koma Kano ka ce a bar ta nan, ka sayi sabuwa. Ta yi wata biyu a ajiye da tulin faya-fayanta a cikin kwali, Hajiya mahaifiyarku tana ɗora mata kwanon goro. Ni kuwa ban daɗe da ajiye alli ba. Na koyar da Turanci a Roni, na koyar a Gwiwa, na yi 'Yankwashi, na ƙare a nan Kazaure, kuma mutumin da ya saba tsayuwa gaban aji tun ƙarfe takwas, in ka ce masa ya zauna a gida ka ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa. Zaman majalisa bai karɓe ni ba. Siyasa ake yi daga hantsi har azahar, kuma kowa ya san abin da kowa zai faɗa. Wata rana na jona na'urar don kawai in ga ko tana aiki kafin in kyautar da ita. Na fara sa na ƙwallon ƙafa, wanda samari ke mutuwa a kansa a shagunan gem, na cire shi kafin minti goma. Har gobe ina nan a kan bakana: an ci, an rama, an tashi, gobe a sake, babu abin da ka sani da yamma wanda ba ka sani ba da safe. Na biyun da na sa, sai ga wani tsoho a bakin gada yana yi mini magana da Turanci mai kyau, yana tambayar sunana da inda na fito da abin da na iya. Aka ce in zaɓa, ko jarumi, ko ɗan kasuwa, ko mai magani. Na gyara zama. Ranar sai da Hajiya ta yi mini magana sau biyu kafin na tashi na yi alwalar la'asar.

Tun da na ce gaskiya zan faɗa, bari in faɗi ra'ayina a kan wasannin nan, don na buga su da yawa kuma ba dukansu ne suka cancanci lokacin dattijo ba. Akwai na tsalle-tsalle, inda ake ba ka wani ƙaƙƙarfa yana hawan duwatsu, yana kutsawa kaburburan mutanen dā yana kwashe musu kaya. Hotonsu yana da kyau ƙwarai, amma yatsun saurayi suke so, kuma ban taɓa samun natsuwa da mutumin da sana'arsa tonon kabari ba, ko da an sa masa suna mai bincike. Akwai na faɗa bi da bi, inda dodo zai tsaya cak yana jiranka ka gama tunani, ka sha magani, ka gyara takobi, sannan ya kai maka duka ɗaya ya koma ya tsaya. Yara suna raina irin wannan, ni kuwa ina ganin girmansa, don dara ce aka sa wa riga. Mai haƙuri da hangen gaba shi ke ci. Akwai na warware ƙulli: ƙofa a rufe, makulli a cikin rijiya, guga a hannun wani mutum da ba zai ba ka ba sai ka kai wa ɗansa wasiƙa. In mai tsara su yana da hankali, sun fi jarrabawar da muke ba ɗalibai ma'ana. In ba shi da shi, sai ka wuni kana gwada kowane abu a kan kowane abu kamar wanda ya zautu. Amma waɗanda na fi so, nesa ba kusa ba, su ne masu faɗin ƙasa, waɗanda za a sake ka da doki da taswira a ce ga duniya nan, ga mutanenta kowa da damuwarsa, shiga cikinsu ka zama wanda ka ga dama. A irin waɗannan, maganar da ka faɗa wa mutum yau tana jiranka a gari na gaba.

Mahaifiyarku da farko dariya take mini, in ta wuce ta ce a gai da jarumi. Ba ta da lokacin zama ta kalla. Kun san ta, tun tana amarya ba ta san zaman ɗaki ba: atamfa da turaren wuta take kaiwa gidajen biki da kasuwanni, daga Roni har Babura garinsu, har matan Nijar da ke tsallakowa sun san ta. Ba ta yi boko ba, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Amma in mai saye ya ce zai je ya dawo, kallo ɗaya za ta yi masa ta gaya maka ko zai dawo, kuma ban taɓa jin ta kuskure ba.

Da damina ta faɗi ciwon ya bayyana. Idonta ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, abinci ya ƙi zama. Aka tura mu Kano, ni da kai Abba muka kai ta. Likitan Bahaushe ne, mai fara'a, tun da muka shiga yake tsokanarta da Hausa, yana cewa sai ta ba shi turare kyauta kafin ya sallame ta. Da sakamakon gwaji ya zo, ya duba ya sake dubawa, sai ya juyo wajenmu ya koma Turanci. Ya ce ciwon ya cinye hantar, ya wuce a yi aiki, abin da ya rage a rage mata zafi. Ya ce sani na Allah ne, amma in ta ga ƙarshen kaka a gode masa.

"Malam, me ya ce?" in ji Hajiya.

Ka taka mini ƙafa a ƙarƙashin teburi.

"Ya ce hanta ce ta kumbura," na ce. "Magani da hutu. Kada ki sake ki yi wahala."

"To, alhamdu lillahi," ta ce, ta gyara mayafinta.

A wajen ajiye motoci, tana ciki ta jingina kai, ka ja ni gefe.

"Baba, don girman Allah kada Umma ta sani. Ba a gaya wa majiyyaci irin wannan. In ta ji, shi ke nan, za ta saki jiki."

Safiya ma da aka kira ta haka ta ce cikin kuka, ƙannena ma haka. Na amince, na yi alkawari. Haka muka taso muka ga ana yi: a ce wa mara lafiya da sauƙi, a ce wa masu tambaya da sauƙi, har ranar da za a shigo da makara. Ba na kiran wannan mugunta, tausayi ne. Sai dai ni na san wani abu da ya kamata ya hana ni amincewa. Shekara goma sha ɗaya ke nan Hajiya ba ta taka gidan ƙanwarta, Innarku Larai, a Babura ba. Lokacin da kakarku ta kwanta ciwon ajali ana shirin bikin Safiya, Hajiya ta yi ta kira, Larai tana ce mata, da sauƙi Yaya, kada ki taso, ki gama hidimar biki tukuna. Da Hajiya ta je, kabari ta tarar. Ba gaba suka yi ta fili ba, in sun haɗu a taro suna gaisawa sama-sama, amma zuciyarta ba ta taɓa sauka ba. Duk na san wannan, kuma na buɗe baki na yi mata irin abin da Larai ta yi.

Muka dawo gida aka shimfiɗa mata katifa a falo, don ɗaki yana mata zafi. Matar da ta saba yawon garuruwa huɗu ta koma kallon silin. Baƙi su zo su yi sannu su tafi, sauran wunin ni da ita. Ni kuma ban iya zama shiru da ita ba, don shirun yana tuna mini abin da na ɓoye, sai na koma wasana na rage sauti. Ina cikin wani ƙauye a ɗaya daga masu faɗin ƙasar nan, na shiga wani gida ina buɗe akwatuna ina fasa tukwane, kamar yadda duk mai buga su yake yi don neman guzuri, sai na ji muryarta a bayana.

"Malam, gidan wa ka faɗa haka babu sallama?"

"Haka wasan yake, Hajiya. Kowa haka yake yi."

"To kai ba kowa ba ne. Ga mai gidan nan a tsaye yana kallonka. Mayar masa da abincinsa."

Na mayar. Daga ranar muka raba aiki: hannu nawa, fassara tawa, shawara tata. Duk abin da aka faɗa ko aka rubuta a allon sai in juya mata shi da Hausa, ita kuma ta ce a yi kaza. Mukan fara da hantsi mu tsaya da azahar, in ta samu ƙarfi mu ƙara bayan la'asar, kuma solar da ka sa mana, Abba, ita ta sa wuta ba ta yanke mana tafiya. Ashe ita ma tana da ra'ayi, kuma ya fi nawa kaifi. Na sa mata wani na noma da zaman ƙauye ina zaton zai kwantar mata da hankali, ta kalla na rabin wuni ta ce a cire. Ta ce wace irin gona ce ake shuka yau a girbe bayan kwana huɗu, babu noman fari, babu maimai, babu tsutsa, ai wanda ya tsara wannan bai taɓa riƙe fartanya ba. Na faɗa bi da bi kuwa dariya ya ba ta har ciki ya yi mata ciwo, ta ce ba ta taɓa ganin abokan gaba masu ladabi irin waɗannan ba. Wata rana ina mita, na ce dubi shirme, an ce duniya za ta halaka in ban yi sauri ba, ga wata tsohuwa ta tsare ni wai in nemo mata akuya.

"Ita akuyar ce duniyarta," in ji Hajiya. "Je ka nemo."

Da shawararta jarumina ya zama talaka fiye da na kowa, ba ya sata, ba ya karɓar lada a hannun gwauruwa, amma duk garin da muka koma ana yi mana maraba. Na ga idonta yana haske in muka shiga sabuwar kasuwa. Takan sa in tsaya gaban kowace rumfa in karanta mata abin da ake sayarwa. Zan faɗa ba tare da kunya ba, a shekara arba'in na aurenmu ban taɓa samun zama da ita irin na wannan daminar ba, ita tana hanya ni ina aji.

Wasan da muka fi daɗewa a kansa na tafiyar kogi ne. Kana da abokan tafiya, cikinsu akwai wata dattijuwa mai kwale-kwale, mai baki, ba ta barin ta kwana, kuma ba a cutarta a ciniki. Hajiya ta ƙaunace ta, ta sa mata suna Uwar Kogi, in ta yi magana kafin in gama fassara ta fara cewa, gaya musu dai. Ana cikin tafiya aka yi mana kwanton ɓauna, kibiya mai dafi ta samu Uwar Kogi. Muka ɗauke ta zuwa wajen wani mai magani a kan dutse. Ya duba ta, sannan ya yi magana, ina karantawa a ƙasan allo. Ya ce dafin ya kai zuciya, babu abin da zai iya. Ya ce a mayar da ita garinsu a bakin kogi ta ga mutanenta tun da sauran lokaci.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

Ban shirya ƙarya ba. Harshena ne ya riga ya saba hanya.

"Ya ce akwai wani ganye a bayan duwatsun arewa. In an samo za ta tashi."

"To me kake jira? Hau doki."

Kwana uku, ni da furfurata, ina yawo a kan doki ina neman ganyen da ni na ƙirƙire shi. Na hau dutse na sauka, na kashe kyarkeci ya fi a ƙirga, na tsinke duk wani tsiro da hannu zai iya tsinka. In na tsinko ta ce, shi ne wannan? In ce a'a, mai kama da shi ne. Malamin da ya shekara talatin yana kama ɗalibai da satar amsa, ga shi yana zufa a falonsa. Ina ta fatan ta gaji ta ce a sa wani wasan, amma Hajiya ba ta taɓa barin ciniki a tsakiya ba. Rana ta uku da hantsi, ana yayyafi a waje, ta sa na ƙara mata matashi a baya ta zauna sosai.

"Buɗe mini taswirar nan."

Na buɗe.

"Tun da muka fara wasannin nan, ko akuya aka aike ka nema, sai alama ta fito ta nuna maka wurin. Ga alama can kudu a bakin kogi, kwana uku tana ƙiftawa. Kai kuma sai arewa kake kai ni. Ina alamar ganyen?"



"Kuma mai maganin nan, da yake magana bai kalli matar ba. Ƙasa ya kalla, sannan ya kalle ka." Ta numfasa. "Likitan Kano ma haka ya yi."

Na ajiye abin bugawar a kan tabarma. 

"Malam, ka ƙare ƙuruciyarka kana fassara wa 'ya'yan mutane Turanci daidai. Ni ce ban cancanta ba?"

Abba, ina so ka san cewa ina da hanyar fita. Da na rantse mata, da wataƙila ta yi shiru don kada ta kunyata ni. Da na ce bari in kira ka, da ka zo ka tsare ta da dariya da labarin jikoki. Na tuna alkawarin da na yi maka, ban manta da shi ba, da saninsa na karya shi. Na matsa kusa da katifar na gaya mata abin da likitan ya ce, jimla bayan jimla, ban ƙara ba ban rage ba. Ta yi salati. Hawaye ya zubo mata, ni ma ya zubo mini, mun jima a haka. Ta tambaye ni zuwa yaushe, na ce ya ambaci kaka, amma ya ce sani na Allah ne. Ta gyaɗa kai, ta share fuska da gefen zane.

"Ɗauki abin nan ka kai matar nan gida. Ta jira da yawa."

Na ɗauka. Muka gangara kudu, muka sa Uwar Kogi a kwale-kwalenta, muka kai ta garinsu. Mutanenta suka fito, ta zagi wannan ta sa wa wancan albarka, ta ba wata yarinya filafilinta. Na fassara kowace kalma daidai. Da allon ya yi duhu Hajiya ta ce in kashe, in je in nemo motar da za ta kai mu Babura da safe.

Tafiyar ba ta yi mata daɗi ba, duk ramin da mota ta faɗa sai ta runtse ido, amma ba ta ce a juya ba. Ta yi ta kallon gero a gonaki tana cewa bana an samu ruwa. Muka tarar da Larai a tsakar gida tana tankaɗe. Da ta ga wadda ake rirriƙowa daga soro, rariyar ta faɗi daga hannunta.

"Yaya?"

"Ni ce. Na zo in gaya miki da bakina, don kada wani ya ce miki da sauƙi. Tafiya zan yi, Larai."

Larai ta durƙushe ta rungume ƙafafunta tana kuka, Hajiya ta dafa kanta.

"Na riƙe ki a zuciya shekara goma sha ɗaya. Sai da mijina da 'ya'yan cikina suka yi mini irin abin da kika yi, na dubi fuskokinsu, sannan na gane ba ƙiyayya ba ce. Ki yafe mini."

Na fita soro na bar su. Da yamma Larai ta ɗaure kayanta ta biyo mu Kazaure, kuma ba ta koma ba sai bayan arba'in. Ita ta yi jinyar da ku kuka gani, ita ke juya ta, ita ke mata wanka.

A hanyar dawowa na kira ka na gaya maka. Ina jin muryarka har yanzu.

"Baba, mun yi alkawari!"

"Mun yi," na ce. "Na karya."

Ba zan ɓoye abin da ke gefenka ba. Gaskiya ne daga ranar ta daina shan jiƙe-jiƙen da ƙannena ke kawowa daga wajen masu magani, ta ce a daina wahalar da mutane, maganin rage zafi ya ishe ta. Gaskiya ne akwai ranakun da ta juya fuska bango ba ta son magana da kowa, kuma a irin ranakun na tambayi kaina ko na yi daidai. Amma ku tuna sauran ranakun. Da hannunta ta raba zannuwanta, kowace ta san dalilin da aka ba ta wanda aka ba ta. Ta aika aka kira matan da ta taɓa yi wa kaushin baki a kasuwa, wasu sun ma manta, suka zo aka yi dariya aka yafi juna. Safiya, ke kin san abin da ta faɗa miki a wunin da ta kore ni daga falon, ban tambaye ki ba kuma ba zan tambaya ba. Kai ma Abba ta riƙe hannunka ta ce kada ka ga laifin babanka, ita ta matsa, ka ce to da baki kawai. Ta ga sabon gero, Larai ta dama mata kununsa ta sha cokali uku. Bayan kwana biyu, da sassafe, ta cika da kalmar shahada a bakinta.

Kwanakinta a rubuce suke, ni ban isa in rage ko ɗaya ba, shirunmu ma bai isa ya ƙara ba. Abin da ke hannunmu kawai shi ne ko za ta san nata ne ta yi abin da take so da su, ko kuwa za ta ƙare su tana jiran ganyen da babu shi. A kan wannan ba ni da ko ɗigon shakka. Na biya kuɗinsa kuma. Kusan shekara ba ka kira ni sai gaisuwar minti ɗaya, sallah biyu ba ka kawo mini jikokina ba. Ya yi mini ciwo sosai, na rasa mata na kuma rasa ɗa a shekara guda, gidan nan ya yi mini faɗi. Amma da za a mayar da ni wannan hantsin, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Shi ya sa in yaran unguwa masu buga gem suka tambaye ni wane wasa ne ya fi, ba na duban kyan hoto ko girman dodo. Akwai wasannin da duk wanda ya faɗi a cikinsu kwalba ɗaya ce za ta tashe shi, komai za ka iya gyarawa in ka tara ƙarfi. Suna da daɗi, ina buga su in na gaji, amma ba na ganin girmansu. Wanda nake girmamawa shi ne na tafiyar kogin nan. Ko wane ne ya tsara shi, a ko wace ƙasa yake, ya san akwai abin da ba ya gyaruwa, kuma bai raina mai wasa ba har ya ɓoye masa. Shi bai yi wa mahaifiyarku ƙarya ba, ni na yi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na tsallake wasu babuka a littafin da nake rubutawa na rubuta wannan kafin lokacinsa. Watan jiya ka zo da kanka ka ɗauke ni zuwa Kano a kan tarin nan da ramar da ta ƙi tsayawa, kuma na ji daɗin zaman mota da kai fiye da yadda na nuna. Likitan ya tambaye ni sana'ata, na ce malamin Turanci ne, ya yi murmushi. Da sakamako ya fito bai yi Hausa ba bai yi Turanci ba, sai ya ce ka biyo shi baranda. Kun jima. Ka dawo kana dariya.

"Baba, gajiya ce da tsufa. Ya ce ka huta, ka riƙa shan magani."

Hulata ka kalla da kake faɗa. Safiya da take zuwa ranar Juma'a kaɗai, yanzu kullum tana nan da kwanon abinci, tana ce mini hanya ce ta biyo da ita. Ban yi fushi ba, na san daga inda abin ya fito, ni ma na taɓa tsayawa a inda kuke. Amma ina da mutanen da zan gani. Akwai wani a Gwiwa da na yi wa bulala a gaban makaranta a kan laifin da daga baya na gano ba shi ya yi ba, yanzu yana da furfura, ban taɓa ce masa komai ba. Akwai abokin aikina a Roni da ya kwanta, ina ta cewa sai bayan damina. Akwai littafin nan da ban kai rabinsa ba. Ina so in san ko in bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ko in nemo mota gobe.

Safiya za ta aiko maka da takardun nan. In ka gama karantawa, ka zo da takardar likitan a aljihunka, ka zauna kusa da ni, ka karanta mini ita yadda take.